Neman shawara: gyaran Peugeot 504 mai buɗaɗɗen sama da mahaifinmu ya bari

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin motoci a wannan zaure. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 ƙirar 1972, amma ba irin wadda muka saba gani tana jigilar fasinja tsakanin Zariya da Kano ba ce. Wannan ƙofa biyu gare ta, rufinta kuma na tamfol ne da ake naɗewa baya, ita ce Faransawa ke kira Cabriolet. Ya saye ta ne a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, ya kuma yi ta hawanta har ƙarfinsa ya ƙare. Yau shekara 11 ke nan tana ajiye a garejin gidanmu ba a tayar da ita ko sau ɗaya ba. Da aka zo rabon gado 'yan'uwana suka so a sayar, ni kuwa na roƙi a sanya ta cikin kasona, domin a cikinta ya riƙa kai mu kallon hawan sallah muna yara.

Tayoyinta sun sace sun tsattsage, tamfol ɗin ya yage ta baya, akwai kuma tsatsa a ƙarƙashin ƙofar direba. Wani makaniki da ya leƙa ta ya ce mini Fijo ai Fijo ce, kayanta suna nan birjik a kasuwar Panteka ta Kaduna, idan na ba shi wata guda zai miƙo mini makulli. Maganar ta yi mini daɗi, amma hankalina bai kwanta ba. Da me ya kamata in fara, kuma wane ɓangare ne zai fi cin kuɗi? Ni ma'aikaci ne mai albashi, ba na son in fara abin da zan bari a rabin hanya.

Baban Gareji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Na shafe fiye da shekara 30 ina aikin Fijo a Kaduna, kuma roƙona na farko gare ka shi ne kada ka bari kowa ya sa mata batir ya murza makulli. Man da ya kwana shekara 11 a tanki ya zama danƙo, kuma da zarar famfo ya ja shi, ya shiga inda fitar da shi zai yi tsada. A sauke tanki a wanke, a canza bututun mai na roba gaba ɗaya, a zubar da tsohon baƙin mai, a cire fulogi a ɗiga ɗan mai a kowace silinda a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya injin da hannu a ji ko yana motsi.

Makanikinka ya faɗi rabin gaskiya. Kamfanin PAN, mai harhaɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, ya fara aiki a 1975, kuma bai daina yin 504 ba sai a 2006, shi ya sa har gobe fistin da zobensa da gasket da kuloci da famfon ruwa na injin lita biyu ba sa wuyar samu a Panteka ko Ƙofar Ruwa a Kano, kuma farashinsu bai fi ƙarfin mai albashi ba. Inda ya kuskure shi ne motarka ba kafireta gare ta ba. Tana aiki ne da famfon fesa mai na Kugelfischer, irin wanda aka sa wa BMW 2002tii, kuma yaran da suka koyi sana'a a kan Fijon tasha ba su taɓa buɗe irinsa ba. Idan wanda bai san shi ba ya taɓa saitinsa, motar za ta riƙa shan mai tana hayaƙi, kuma mayar da shi daidai sai ƙwararre.

Sai maganar zafi. Kan injin nan na alminiyam ne, silindojinsa kuma kamar hannun riga ne na ƙarfe da ake zurawa a jikin injin, ruwa na kewaye su kai tsaye. Saboda haka a kai lagireto a wanke shi sosai, kuma kada a cika shi da ruwan rijiya tsagwaro, a haɗa da maganin hana tsatsa. Duk ranar da aka cire kan injin, kada a juya injin sai an danne silindojin, in ba haka ba za su ɗaga, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Birki kuma na faifai ne a ƙafafu huɗu, bayan wannan zama mai tsawo ka ɗauka duk sun kama, sai an kwance an canza robobinsu da man birki.

Badamagare a Faransa ya amsa:

Baba ya gama maganar inji, ni zan yi ta jiki, domin a nan ne kuɗi ke tafiya, kuma na ɗanɗana da kaina a kan wata ƙirar 1978 da nake da ita. Malam, sunan 504 kada ya ruɗe ka. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana wannan mota ya kuma ƙera jikinta a yankin Turin, aka fara nuna ta a baje kolin motoci na birnin Janiba a 1969, aka daina yin ta a 1983, kuma duka-duka waɗanda aka yi ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.55 ne, alhali na salun mita 2.74 ne. Babu ƙofa ko bonet ko gilashin gaba na Fijon Kaduna da zai zauna a jikinta. Taka kuma ta zubin farko ce, mai fitilu huɗu a gaba da uku-uku a karkace a baya, waɗanda aka sauya fasalinsu a 1974. Idan fitilun nan suna nan lafiya, ka kwance su da hannunka ka naɗe a tsumma ka ɓoye kafin motar ta shiga kowane gareji, domin ko a nan Faransa sai an yi cigiya kafin a sami guda.

Tsatsar da ka gani a ƙarƙashin ƙofa ita ce ta fi damuna. Motar da ke da rufin ƙarfe, rufin yana taimaka mata wajen riƙe jikinta, amma wadda ba ta da shi, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi da daɓen ƙasa su ne ƙashin bayanta. Idan suka ruɓe, motar takan lanƙwasa a tsakiya. Ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba: ka ɗaga ta da jak ta gefe guda, ka buɗe ƙofa ka rufe. Idan ƙofar ta ƙi rufuwa yadda ta saba, ko ratar da ke tsakaninta da jiki ta canza, to akwai babban aiki. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen, ka duba cikin but da ramin da rufin ke kwanciya, inda ruwa ke taruwa. Kada ka yarda mai gyaran bodi ya cike ramin da foti ya fesa fenti. A yanke ruɓaɓɓen wuri, a yi waldar sabon ƙarfe, kuma a tokare bakin ƙofa da ƙarfe kafin a fara yanka.

A tawa motar, abin da na kashe a jiki da fenti ya ninka na inji kusan sau uku. Kai kana da sauƙi ta fuskar ladan aiki, domin kuɗin hannun mai walda a Kaduna bai kama ƙafar na nan ba, amma duk abin da za a aiko maka daga Turai da yuro za ka biya, ga kuɗin jirgi, ga na kwastan. Akwai L'Aventure Peugeot a garin Sochaux, masu kula da gidan tarihin kamfanin, suna sayar da wasu kayan tsofaffin motoci. Ka tara buƙatunka ka yi oda sau ɗaya.

Mai Ɗinkin Kujeru ya amsa:

Alhaji, game da rufi, kada ka yar da tsohon tamfol ɗin komai yagewarsa, domin da shi za a auna a yanka sabo. Mai ɗinkin kujerun mota da ya ƙware zai iya yin sa a gida da kuɗi kaɗan idan ƙarafan da ke ɗauke da shi ba su karye ba. Robobin da ke tare ruwa a bakin gilashi ne ba za mu iya yi ba, su sai an sayo. Bayan an gama, kada ka naɗe shi yana jiƙe, kada ka bar shi a rana tsaye, kuma lokacin hunturu ka wanke ƙura da ruwa kafin ka goge robar tagar baya, domin goge ta a bushe shi ke sa ta dushe.

Ina kuma da ja a kan famfon da Baba ya ambata. A ganina a cire shi a sa kafireta kowa ya huta, tunda motar da ba a iya gyara ta a garinku zama za ta sake yi.

Baban Gareji ya sake amsawa:

Maganarka tana kan hanya, amma ba cirewa kawai ba ce, domin hanyar shigar mai da ƙarfin famfon tanki duk sun bambanta. Idan har ya zama dole, gara a sayi cikakken injin kafireta na 504 a ɗora, a sauke na asali da famfonsa a shafe su da mai a adana, kada a sayar ko da ƙusa guda. Mai sayen irin wannan mota injin asali yake fara tambaya. Ni dai a fara gwada famfon da mai mai tsabta, domin sau da yawa zama ne ya kama shi, ba lalacewa ba.

Ɗan Tudun Wada ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da yamma na yi gwajin jak ɗin. Ƙofar fasinja ta rufu lafiya, ta direba kuwa sai da na ɗan ɗaga ta, kuma da na janye kafet na tarar da rami kamar tafin hannu a ƙarƙashin kujera. Fitilun duk suna nan, na kwance su na kai ɗakin mahaifiyarmu. Na gaya wa makanikin ya dakata. Bana zan yi walda da birki da wankin tanki, rufi da fenti su jira baɗi. Baba, idan ba za ka damu ba, zan aiko maka da hoton famfon ta akwatin saƙo kafin kowa ya sa masa hannu.