Wai Fermat ƙarya ya yi?

Ɗalibi: Jiya na saka wannan batun kowa ya yi gum, da ƙwallo ce da tuni kun cika mana waya. Ku ɗauki 2, ku ninka ta da kanta, abin da ya fito shi ma ku ninka shi da kansa: 4, 16, 256, 65,536. Ku ƙara wa kowacce 1, har ita 2 ɗin: 3, 5, 17, 257, 65,537. Duk cikinsu babu mai rabuwa sai da 1 da kanta. Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya ce a 1640 haka za su tafi har abada. Ta shida, 4,294,967,297, ita ta tona ƙaryarsa, don a 1732 wani masanin lissafin, Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce.

Malamin Sakandare: Lissafinka daidai ne, amma ka gyara bakinka. Ƙarya? Mutumin hasashe ya yi, ya kuma faɗa cewa bai kai ga hujja ba.

Ɗalibi: Malam, abin da ba gaskiya ba mene ne sunansa?

Malamin Sakandare: Kuskure. Maƙaryaci ya san gaskiyar yake ɓoyewa. Kai da ka faɗi jarrabawata ƙarya ka yi ke nan?

Hajiya: Ai Fermat lauya ne. Ni dai ban ce komai ba.

Barista: Hajiya, ki janye wannan maganar. Da rana yana aikin shari'a a Toulouse, lissafin nishaɗi ne kawai, kuma har yau ana kiran lambobin da sunansa.

Hajiya: Ba zan janye ba, ɗana. Shari'ar gonarmu tana hannun irinku, na san abin da nake faɗa.

Bakatsine: Kullum Turawa! A wannan 1732 ɗin Muhammad al-Kishnawi, ɗan Katsina, ya rubuta littafinsa kan hatimi, layukan lamba da kowane ɓangare ka haɗa jimilla ɗaya ce. Wa ya ambace shi?

Bakano: To a Masar ya rasu, me ya hana ku riƙe shi a gida?

Bakatsine: Kawo mana naku ɗaya tak. Lissafin kasuwar Kwari ba ya ciki.

Bakano: Ko da me ka zo an fi ka.

Ɗalibi: Jama'a, 641 fa? Har yau ba a sake samun marar rabuwa a jerin ba bayan 65,537. Wannan ne batun!

Barista: Sai Hajiya ta janye tukuna.

Admin: Na rufe muhawara. Abin da aka cimma: Ɗalibi ya yi wa magabata rashin kunya, zai ba Malam haƙuri. Maganar Hajiya da Barista su ƙarasa ta a waje. An kuma tabbatar Katsina ce gidan lissafi, tunda mutanen Kano sun kasa kawo suna ko ɗaya.

Bakano: Admin, ba ɗan Funtua ba ne kai?