Backlight bleed da Hausa: ni dai a kan "yoyon haske" na tsaya

Salam 'yan'uwa. Jiya na tambaya me za mu kira backlight bleed da Hausa, shawarwari sun shigo da yawa, na gode ƙwarai. Na kwana ina juya su, ga inda na tsaya da kuma dalilina.

Amma bari mu fara da abin kansa, don na lura wasu sun ba da suna tun ba su gane me ake nufi ba. Sikirin ɗin LCD ba shi da hasken kansa, fitila ce a bayansa take haska shi. Da can 'yan siraran fitilu ne dogaye da ake kira CCFL, yanzu kusan duk LED ne, kuma a yawancin monitoci an jera su ne a baki ɗaya, sai wani faifan roba garai-garai ya watsa hasken ya game ko'ina. A gabansa akwai matatun haske guda biyu da ruwan kiristal a tsakaninsu. In ana son fari a buɗe wa haske hanya, in baƙi ake so a tare shi. To a irin waɗannan monitoci fitilar nan ba ta mutuwa, ko baƙi ƙirin ake nunawa tana nan a kunne, tarewa kawai ake yi. Duk inda tarewar ta yi rauni, misali firam ya matse gilashin fiye da kima, ko shimfiɗun ciki ba su zauna daidai ba, sai haske ya ɓullo ta nan, galibi a baki-baki da kusurwa. Shi ya sa ka kashe wutar ɗaki ka sa baƙin hoto sai ka ga wani fari-fari ko rawaya-rawaya ya taso daga gefe. Kuma shi ya sa monita biyu samfuri ɗaya, ɗaya ta yi ɗaya ba ta yi ba, a wajen harhaɗawa abin yake samuwa. Sikirin nau'in OLED ba ya wannan, don kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, babu wata fitilar baya.

Ita dai backlight mun gama da ita, fitilar baya, babu wanda ya ja.

Wani ya kawo "zubar jinin haske" saboda bleed, wadda a Turanci take nufin zubar jini. Wannan kam a'a. Bahaushe ya ji zubar jini hankalinsa asibiti zai tafi ko wajen rikici, kuma su kansu masu harshen ba jini suke hangowa ba, da kalmar suke faɗin rini ko tawada in ta fita daga inda aka sa ta. Mu a wannan wurin cewa muke yi zane yana zuba. To "zubar haske" fa? Ta fi, amma zuba ta yi yawa, in abu ya zuba ai ya kife ne gaba ɗaya, wannan kuwa ɗan kaɗan ne yake sulalowa ta gefe.

"Tsiyayar haske" ta so ta rinjaye ni. Matsalarta ita ce abin da ke tsiyaya ƙarewa yake yi, yau da gobe ka tarar ya tsiyaye tas. Wanda bai sani ba zai ɗauka hasken monitarsa ne zai ƙare, alhali ba haka ba ne. "Leƙen haske" kuma daɗin ji gare ta, sai dai mai leƙe yakan leƙo ya koma, wannan kuwa yana nan daram.

Sai yoyo. Ku duba yadda muke amfani da ita, ba ma cewa abu yana yoyo sai abin da aka yi shi don ya riƙe ko ya tare, sannan ya gaza a wani wuri ƙarami. Bokiti yana yoyo ta gindi, rufin kwano yana yoyo ta wajen ƙusa, wato daidai inda aka ɗaure shi, kuma haka monita take yi, daidai inda firam ya kama gilashi nan hasken ke fita. Sannan da ka ce yoyo kowa ya san aibi ne, ba sai ka yi wani bayani ba, kuma ba ya nufin abin ya lalace, bokiti mai yoyo ana ɗiban ruwa da shi. Wani ɗan'uwa ya ce ai yoyo na abu mai ruwa-ruwa ne. Malam, na ji hujjarka kuma ba ta banza ba ce, amma ai mun daɗe muna cewa tukunyar gas tana yoyo, kalmar ta riga ta tsallake ruwa.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne yadda take shiga magana ba tare da an tilasta ta ba. "Monitar nan tana yoyo ta kusurwar hagu ta ƙasa." "Duba min ko tana yoyon haske kafin ka karɓa." "Yoyon nata kaɗan ne, sai cikin duhu ake gani." Ku gwada sa sauran a waɗannan jimlolin ku ji yadda suke cijewa.

Wata 'yar'uwa ta kawo "naso", kuma wallahi kalma ce mai kyau, ba na so mu yar da ita, sai dai gurbinta daban. Akwai wata matsalar inda haske ba ta baki yake fita ba, tabo-tabo ne kamar gajimare a tsakiyar sikirin. Masu ƙera allon suna kiranta mura, kalmar Japananci ce mai nufin rashin daidaito, mu kuwa ba za mu iya aro ta ba don mura tamu ta hanci ce. Wannan shi ne nason haske, kamar yadda ruwa ke naso a jikin bango, ba ka ganin ƙofar da ya bi amma ga shatinsa.

Na uku shi ne wanda aka fi rikitawa da yoyo, wato IPS glow. Fasahar IPS, wani nau'in allon LCD, wadda kamfanin Hitachi ya fito da ita kasuwa a 1996, tana da kyan launi ta kowane gefe, amma ba ta tare haske sosai in ka kalle ta a karkace, bambancin fari da baƙinta wajen 1000:1 ne, na wani nau'in da ake kira VA kuwa yakan kai 3000:1. To kusurwoyinta sukan yi wani ƙyalli a cikin duhu. Wannan ina ganin sheƙi ya dace da shi, sheƙin IPS, saboda sheƙi da inda ka tsaya yake tafiya. Gwajin ma shi ke nan: ka matsar da kanka ko ka ja da baya, in hasken ya canja wuri ko ya ragu to sheƙi ne, halin allon ne, ko an canja maka wata za ka same shi. In ya tsaya inda yake ko ta ina ka kalla to yoyo ne, kuma in ya yi yawa kana da hujjar mayarwa matuƙar garanti bai ƙare ba. Kun ga amfanin raba sunayen ke nan.

Don Allah kuma a daina yanke hukunci da hoton waya, kyamara a cikin duhu tara haske take yi, sai yoyo ɗan mitsitsi ya fito kamar gobara. Da ido ake dubawa, bayan an rage hasken monita zuwa yadda ake aiki da ita, wajen nit 120 (nit ma'aunin ƙarfin hasken sikirin ne) ya isa a ɗaki mai duhu-duhu.

Wanda ya rage min shi ne blooming, wanda ake gani a monitocin mini-LED masu rage fitila yanki-yanki, inda farin abu a kan baƙi, kamar kibiyar maus, yake yawo da wani hazo-hazo kewaye da shi. Na yi tunanin "zoben haske" amma bai kwanta min ba, don abin ba shi da baki kamar zobe, dusashewa yake yi a hankali. Wanda ya san sunan da ake ba da'irar nan da ke kewaye wata a wasu darare a karin harshensu, don Allah ya ajiye mana a ƙasa, ina jin can amsar take.