Ta ina zafi ke zurarewa daga tokamak?

Ɗalibin_Fizis:
Assalamu alaikum malamai. Tambayata a kan tokamak ce, na'urar da ke riƙe filazma (iskar gas mai tsananin zafi da ƙwayoyinta ke ɗauke da caji) da maganaɗisu domin samar da makamashi ta haɗewar ƙwayoyin zarra. An koya mana cewa ƙwaya mai caji ba ta tsallake layin maganaɗisu, sai dai ta riƙa kewaya shi tana gaba. Na yi lissafin ayon (ƙwayar zarra mai caji) na diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, a zafin digiri miliyan 100 da ƙarfin maganaɗisu tesla 5, sai na ga nisansa da layin bai wuce milimita 4 ba. A ITER kuwa, babban tokamak ɗin da ake ginawa a Faransa, daga tsakiyar filazma zuwa bakinta mita 2 ne. To me ya sa ba a sa ran riƙe zafin fiye da daƙiƙa 3 zuwa 4?

Injiniya_K:
Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne, amma na miƙaƙƙen layi ne. Tokamak kamar awarwaro yake, maganaɗisun ya fi ƙarfi ta cikin zoben, yana raguwa ta waje. Wannan bambanci shi ke sa ayon su sulale sama, ilektiron su yi ƙasa. Da cajin ya rabu sai ƙarfin lantarki ya taso tsakaninsu, ya tura filazmar gaba ɗaya bangon waje cikin ƙiftawar ido. Maganin shi ne a murɗa layukan kamar igiya, ƙwaya ta riƙa bi ta sama da ƙasa, sulalewar ta soke kanta. A ITER lantarkin amfiya miliyan 15 da zai ratsa filazmar ne zai yi murɗin. Na'urar Wendelstein 7-X ta Jamus kuwa, wadda ba tokamak ba ce, naɗaɗɗun wayoyi 50 masu karkatacciyar siffa ke yi mata.

Malama_Filazma:
Ɗan'uwa, ko an murɗa, da saura. Wasu ƙwayoyin ba su da saurin da za su ratsa ɓangaren cikin zoben da ƙarfin maganaɗisu ya yi yawa, sai su juyo, suna kai da komo a hanya mai siffar ayaba. Faɗinta santimita kaɗan ne, don haka karo ɗaya da wata ƙwaya kan jefa su nesa fiye da milimita 4 ɗinka.

Amma babban ɓarawon shi ne hargitsi. Tsakiya na da tsananin zafi, baki na da sanyi, kuma da wannan gangara ta wuce wani mizani sai ƙananan guguwoyi su tashi, kowace kamar santimita ɗaya ko biyu, suna kwasar zafi suna miƙa wa na gaba. Saurin bazuwar zafin da ake aunawa kusan murabba'in mita 1 ne a daƙiƙa. Ka ninka mita 2 da kanta, ka raba da wannan, za ka ga daƙiƙoƙin da kake tambaya. Lissafi ne na sama-sama, amma ya nuna dalilin da ya sa girman na'ura ke da tasiri haka.

Ɗalibin_Fizis:
Na gode Malama. Ana iya kwantar da guguwoyin?

Malama_Filazma:
Ana iyawa, a baki. A 1982 Fritz Wagner ya gani a na'urar ASDEX da ke Garching a Jamus cewa idan dumamawa ta kai wani mataki, filazmar bakin kan gudana da sauri mabambanci, ta yayyaga guguwoyin, riƙon zafi ya kusan ninkawa. Sai dai matsi kan taru a wurin har ya riƙa fashewa yana dukan farantan da ke ƙasan na'urar. Kuma ba a son a toshe komai: dole tokar hiliyam da haɗewar ƙwayoyin ke bari ta fita, in ba haka ba ta tsinka makamashin. Ƙarfen tangistin da ya ɓanɓaro daga bango ma, in ya taru a tsakiya, ɗan kaɗan ya isa ya watsar da zafin ta hanyar haske, filazmar ta mutu.