Muhawara kan 'yan keken da suka gangaro dutse cikin hazo

Mai noman rani: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Daren Asabar, bayan an daɗe da idar da sallar isha'i, wasu baƙi suka yi ayari a kan kekunan nan masu giya da kaurin taya, suka hau duwatsun da ke tsakanin Kazaure da Roni, sannan suka gangaro ta bayan ƙauyenmu, kowa da fitila ɗaure a goshi. Hazon hunturu ya sauka har mutum ba ya ganin dangar maƙwabcinsa, don haka abin da muka hango kawai fitilu ne suna lilo daga sama, babu ƙarar inji. Mata suka kwashi yara suka shige ɗaka, shanun huɗa suka tsinke igiya, 'yan sintiri suka fito da bindigogi. Da wani ya taɓa kunamar bindiga, da yau zaman makoki ake yi. Ra'ayina shi ne kada a sake hawan keke da dare a duwatsun nan sai da izinin dagaci.

Jagoran 'yan keke: Kawu, Allah ya huci zuciyarku, amma kiranmu baƙi ya yi mana ciwo. A Kazaure aka yanke mini cibiya, kuma a kan waɗannan duwatsu na yi kiwon awaki ina yaro. Abokan da suka zo daga Kano ni na gayyace su, a gidanmu suka ci tuwo kafin mu fita.

Direban motar haya: Ɗana, da bakinka ka faɗi cewa daga Kano suka zo, to me kawunka ya faɗa da ba daidai ba? Wanda bai san inda turken shanu yake a gari ba, baƙo ne ko da kakansa ne ya sari garin.

Malamin firamare: Alhaji, a yi hattara da wannan magana. Kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk a cikin jihar Kano suke. Ɗan Tunku ma, wanda ya kafa masarautar Kazaure, daga Dambatta ya taso, ga ta nan a kan hanyar Kano zuwa Daura. Yaushe ne mutumin Kano ya zama baƙo a ƙasar Kazaure?

Direban motar haya: Malam, ba darasin tarihi muka zo ɗauka ba. Tun da aka raba jiha kowa ya san inda yake biyan haraji.

Wani ɗan Dambatta: Ina jin takaicin yadda ake jefa sunan Kano cikin kowace rigima. Ranar kasuwa, idan kun kawo mana albasa da tumatir, ba ma ce muku baƙi.

Mai gyaran keke: Ku yi haƙuri in mai da mu kan kekunan. Fitilar goshi a cikin hazo cutarwa take yi, domin haskenta yana dukan ƙurar da ke iska ya dawo wa mutum ido, sai ya ga fari fat a gabansa alhali ramin da ke ƙasa bai fito ba. Gara a ɗaura ta ƙasa-ƙasa a kan keken, a rage ƙarfinta, kuma a gangare mai tsakuwa kada a danne birkin gaba da ƙarfi, don yana iya wurga mutum ta kai. Da sun yi haka, da fitilun ba su yi ta lilo a sama suna firgita mutane ba.

Direban motar haya: Kai dama a wurinka suke gyara, ba za ka ga laifinsu ba.

Mai gyaran keke: Alhaji, gyara na yi musu a maganata, ban wanke su ba. Kuma ni ma 'yar'uwata a ƙauyen take aure.

Shugaban zaure: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma abin da ya fito fili shi ne yaran nan 'yan gida ne, kamar yadda Malam ya tabbatar da hujjar tarihi wadda babu wanda ya iya rushe ta. Matasan da suka zaɓi motsa jiki a kan zaman majalisa sun cancanci yabo, ni ma ƙanena yana cikinsu kuma na san tarbiyyarsa. Babu wanda ya ji rauni, saboda haka na rufe maganar.

Mai noman rani: Ranka ya daɗe, ni izinin dagaci na nema, kuma har yanzu babu wanda ya ce mini e ko a'a. Saniya ɗaya sai da hantsi aka samo ta a bakin fadama tana ɗingishi. Gobe in Allah ya kai mu zan kai maganar wurin mai unguwa, kuma ina son jagoran nasu ya zo mu tafi tare.