Bayan suna, wa ya tambaye ki ya zuciyarki?

Maman Biyu, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Haihuwata ta biyu a gidanmu na yi wankan jego: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, ba abin da Hajiyarmu ta rage ni da shi. Amma da dare ya yi sai kuka ya ƙwace mini ba dalili. Yarinya tana shan nono, ni ina kallonta kamar 'yar maƙwabta. Sau uku na kai ta rigakafi, a ɗora ta a sikeli, a rubuta a kati, a ce mu dawo. Ni da na goyo ta ba wanda ya ce ya jikinki, balle ya zuciyarki. Wata biyar na yi a haka. Wadda ta taɓa shiga irin wannan ta ba mu labari.

Ummu Haidar, Kano: Ni nawa cewa aka yi iska ce. Washegarin suna barci ya ƙaurace mini, sai surutai, gani nake za a sace mini jariri. Aka yi ta ruƙiyya da hayaƙi, har aka fara zargin abokiyar zamana, baiwar Allah ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ƙanin maigidana ne ya dage a kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, dangina kuwa suka ce an mai da 'yarsu mahaukaciya. Likita ya ce wannan nau'in ciwon ƙwaƙwalwa na bayan haihuwa yana samun mace 1 ko 2 cikin haihuwa 1,000, kuma yana jin magani. Na sha maganin, ban bar addu'a ba, ga ni lafiya lau.

Hajiya Babba: 'Ya'yan nan, mu fa goma muka haifa ba mu san wannan ba.

Ummu Haidar: Hajiya, Allah Ya ƙara girma, akwai shi a lokacinku. Sau nawa kuka ji an ce wance ta taɓu a jego?

Anti Nas, Kaduna: Ni ungozoma ce a asibitin unguwa. Kukan kwanakin farko da yawancin masu jego ke yi yakan wuce cikin sati biyu. In ya zarce haka, ga rashin cin abinci, ga jin ke ba uwar kirki ba ce, to ciwon damuwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da irin wannan bayan haihuwa. Akwai tambayoyi 10 na gano wannan ciwo da aka tsara a birnin Edinbara na Birtaniya tun 1987, cikin minti biyar an gama su. Sai dai ranar awo mu biyu ne, layi har waje, kuma katin ba shi da gurbin wannan tambaya. Abin da ba ya cikin kati kuwa ba mai bin ka bashinsa.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Madalla, amma har yau ban ga ta iso ɗakin awonmu ba. Abin da za mu nema a wurin jihohi: a sa tambayoyin nan a katin awo da na rigakafi, a horar da mu, maganin kuma ya shiga inshorar lafiya. In na gano mace tana da damuwa alhali ba ta da kuɗin motar zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, me na yi mata?

Malama, Gusau: Ku ƙara da hutun haihuwa. Dokar ƙwadago sati 12 ta ce, da aƙalla rabin albashi. Makarantar kuɗin da nake koyarwa ana gama arba'in aka kira ni, in dawo ko a ɗauki wata. Ina gaban allo nono yana zuba, hankalina yana gida. Ma'aikatan tarayya sati 16 suke samu, Jihar Kaduna ta ba nata wata shida tun 2019. Mu na masu zaman kansu wa zai tsaya mana?

Abban Yara: Ku yi haƙuri da kutsen namiji. Da maiɗakina ta shiga wannan hali, cewa na yi rashin godiyar Allah ne, ga ɗa namiji ga rago an yanka. Har yau in na tuna kunya nake ji. Kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza na hutun haihuwa a 2021, da na samu kamarsu na zauna a gida, da na gani da idona.

Maman Biyu: Allah Ya saka da alheri. Anti Nas, don Allah ki rubuto mana tambayoyin nan goma da Hausa. Asabar mai zuwa kwamitin asibitin mazaɓarmu zai zauna, ni da mata uku na Islamiyyarmu za mu je da su, daga nan sai ofishin ɗan majalisar jiha. Malama, turo naki a rubuce mu haɗa.