Wai GNOME ta ƙwace mana 'yancin kwalliyar kwamfuta?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina, wanda zai ji haushi ya ji. Mutanen GNOME, tsarin nan na fuskar kwamfuta a Linux, sun ƙwace mana 'yancinmu, mu kuma muna ta tafa musu. A zamanin GTK 3, tsohon kayan gina manhajojin GNOME, mutum zai sauke jigon da ransa ke so, wato fayilolin da ke canza kamannin tagogi, ya jefa a foldar .themes, ya buɗe Tweaks ya zaɓa, nan take duk tagogin kwamfutarsa su ɗauki kala ɗaya. Tun da libadwaita, sabon kayan tsara kamannin manhajojin GNOME, ta fito a ƙarshen 2021 aka yi sallama da wannan. Manhajar Settings ce ta fara bijirewa a GNOME 42, manhajar Files ta bi sahu a 43. Yanzu ka sa jigo, rabin manhajoji su bi, rabi su tsaya da kamanninsu kamar ba da su ake ba. Ajiye fayil a kan fuskar kwamfuta ma tun 2018 aka cire shi, sai ka nemo ekstenshan, wato ƙaramin ƙari da ake ɗora wa GNOME. Don Allah wa ya san yadda zan sa duk tagogin su bi jigo guda ba tare da wani abu ya lalace ba?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Auwalu, ƙwace fa ka ce. Abin da ke hannun mutum ake ƙwacewa. Yaushe aka taɓa yi maka alkawarin jigo? GTK 3 ba ta taɓa samun tsayayyen tsarin jigo ba. Abin da kuke kira jigo, cire CSS ɗin asali ne, wato kod ɗin da ke tsara kala da kamanni, a dasa wani, shi ya sa a shekarun farko kusan duk sabuntawa sai jigogi sun karye. Ka janye kalmar nan.

Auwalu: Malam ai ba wannan na tambaya ba.

Sadiq: Kada ka janye komai ɗan'uwa. Abin da kake yi jiya, yau ka wayi gari ba ka iyawa. In ba ƙwace ba ne to mene ne sunansa?

Malam Habibu: Sunansa canjin tsari. Kod ɗin yana nan a buɗe a GitLab ɗinsu, lasisinsa LGPL, duk mai so ya ɗauka ya sauya ya raba. Ko yanzu ka ƙirƙiri fayil ɗin gtk.css a cikin .config/gtk-4.0, ka rubuta kalolin da kake so, manhajojin za su ɗauka. Wa ya riƙe maka hannu?

Sadiq: Wannan ai zaman gidan haya ne Malam. Mai gida ya ce kana iya fenti, amma da daddare, kuma in bango ya tsage babu ruwansa. Mu a KDE Plasma, kishiyar GNOME, gidanmu ne. Ka shiga System Settings, kala, alamomi, gefen taga, sandar ƙasa, allon shiga, kowanne da maɓallinsa. Ba sai ka buɗe taminal ba.

Baban Hafsa: Ni abin da ya dame ni ba ƙwace ba ne, kalmar 'yanci ce. Kuna ta yawo da ita ba ku san nauyinta ba. Lokacin da Richard Stallman ya shelanta GNU, aikin gina tsarin kwamfuta mai 'yanci, a 1983 ba kalar taga ce a gabansa ba. 'Yancin da ake magana guda huɗu ne: ka yi amfani da manhaja yadda kake so, ka karanta kod ɗinta ka sauya, ka raba, ka raba wanda ka gyara. Cikin huɗun nan wanne GNOME ta taɓa? Kuma tun da muka zo nan, ku riƙa cewa GNU/Linux, ba Linux kawai ba.

Sadiq: To an fara.

Ɗan Maraɗi: Baba, da girmanka, duk duniya Linux take cewa. Ko Linus Torvalds da ya fara shi a 1991 bai yarda da wannan doguwar suna ba.

Baban Hafsa: Shi ƙwayar tsarin kawai ya rubuta. Bash ɗin da kake buga umarni a cikinsa kullum na waye?

Ɗan Maraɗi: To Android fa, me za mu kira ta?

Baban Hafsa: Android ba ta cikin wannan magana, kuma ka san haka.

Sadiq: Tunda an ambaci Torvalds, ku tuna shi kansa a 2011 da GNOME 3 ta fito ya yi tir da ita ya koma Xfce, wani tsarin fuskar kwamfuta daban. Tun 2005 ma yake ce wa mutane su koma KDE. Wanda ya kafa abin kenan.

Malam Habibu: Ka ƙarasa labarin mana. Daga baya ya dawo GNOME. Me ya sa ka yanke nan?

Sadiq: Ya dawo ne da ekstenshan da Tweaks, wato sai da ya gyara ta kafin ta zaunu. Kuma ekstenshan ɗin ma ai ka ga abin da ya faru a GNOME 45 a 2023. Aka canza yadda ake shigo da kod ɗin JavaScript, duk tsohon ekstenshan ya daina aiki sai da mai shi ya sake gyara shi. Wanda mai shi ya watsar kuwa, shi kenan, ya tafi.

Malam Habibu: An sanar tun kafin fitowarta, an rubuta musu jagorar sauyawa. Dash to Panel, Dash to Dock, Blur my Shell, wanne ne bai dawo ba?

Auwalu: Jama'a tambayata fa.

Kabiru: Ku bar wahalar da kanku. Ni Kali, Linux ɗin masu gwajin tsaro, nake amfani da ita, akwai Undercover, umarni ɗaya ta koma kamar Windows 10 sak.

Ɗan Maraɗi: Ƙanina, Kali ɗin taka Xfce ce a ciki tun 2019, jigo ne kawai aka ɗora mata. Kuma ba a yi ta don kallon fim da rubuta aikin makaranta ba.

Kabiru: Wa ya ce maka fim nake kallo?

Malam Habibu: Bari in kawo muku abin da ake ta kaucewa. A 2019 wasu masu rubuta manhajojin GNOME sun fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon a daina ɗora wa manhajojinsu jigo. Ku karanta ta kafin ku zage su. Ba da irinsu Auwalu suke ba, sun faɗa ƙarara cewa mai wasa da kwamfutarsa ya yi abinsa, amma ya san shi ya ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Da masu haɗa nau'o'in Linux suke, waɗanda ke ɗora jigo a kan manhajar wani su raba wa dubban mutane ba su gwada ba. Mutum ya zauna ya tsara manhajarsa, rubutu baƙi a kan fari. Jigo ya zo ya mai da bayan baƙi, rubutun ya ɓace. Mai amfani ba zai je wajen mai jigo ba, wajen mai manhaja zai kai ƙara, shi kuma a kyauta yake aikin bayan ya taso daga nasa aikin. Wannan shi ma ba haƙƙi ba ne? Kuma ba a rufe ƙofa ba. Yanayin duhu ya shigo a 42, zaɓin kalar ado ya shigo a 47 a 2024. Sauran duk wasan yara ne, mai aikin yi ba ya kwana yana canza kalar folda.

Ummi: Malam Habibu, Allah ya ba ka haƙuri, amma wasan yara ɗin nan bai yi mini daɗi ba. Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, idonsa ya yi rauni, kuma har yanzu yana rubuce-rubucensa da Hausa. Na zauna da shi a gaban laftof ɗinsa mai Linux Mint, muna ƙara girman rubutu yana cewa ƙara, ƙara, har ya iya karanta sunan folda ba tare da ya manna fuskarsa a allo ba. Kibiyar linzami muka mai da ita babba, sandar ƙasa muka faɗaɗa ta, launin toka mai haske da ke shige masa muka canza zuwa baƙi sosai. Sai kuma wani salon rubutu da ƙanina ya sauko masa don kyau, ashe babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa, duk inda suka zo sai harafin ya fito daban da 'yan'uwansa, siriri, kamar an aro shi. Sai da na mayar masa da Noto Sans, na kuma ƙara masa madannan Hausa da ke cikin tsarin tun asali. Yanzu shi da kansa yake buga takardunsa. Wannan ne wasan yaran?

Sadiq: Allah ya yi miki albarka Ummi. A ba shi amsa.

Malam Habibu: Malama Ummi, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma abin da kika lissafa ba jigo ba ne, saitin masu raunin gani ne, kuma duk yana cikin GNOME: manyan haruffa, babbar kibiya, ƙarfafa bambancin kala. Ba da ke nake ba.

Sadiq: To da wa kake? Da mu kenan. Mu ne yaran.

Malam Habibu: Wanda ya tsargu shi ya sani.

Sadiq: Malam ina girmama ka, amma shekaru ba hujja ba ne. KDE ta girmi GNOME ɗinka. Matthias Ettrich ya fara ta a Jamus a 1996, GNOME sai 1997.

Baban Hafsa: Ka faɗi dalilin da ya sa aka fara GNOME ɗin mana. Qt, kayan gina manhaja da aka gina KDE a kai, lokacin lasisinta ba na 'yanci ba ne, shi ya sa Miguel de Icaza da Federico Mena suka tashi. Ku da kuke ihun 'yanci, naku ne ya fara da matsala.

Sadiq: An gyara wannan tun shekarar 2000 da Qt ta shiga GPL. Maganar da ta haura shekara ashirin kake tono mana.

Malam Habibu: To ga ta kwanan nan. A Maris 2024 wani mai amfani da Plasma ya sauke cikakken jigo daga rumbun jigogin KDE, wani kuskure a cikin kod ɗin jigon ya goge masa fayilolinsa. KDE da kanta ta fito ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan jigogin suna iya gudanar da kod, kuma ba tantance su ake yi ba. Ga gidan naku.

Sadiq: Mutum ɗaya, jigo ɗaya, kuma ba KDE ce ta rubuta shi ba. Ekstenshan ɗin GNOME ba kod ba ne?

Malam Habibu: Ana duba su kafin a saka a shafin.

Ɗan Maraɗi: Ku duka biyun kuna magana kamar kowa na da sabuwar na'ura. A nan wajenmu yawancin laftof ɗin tsofaffi ne, RAM giga 4, madannai na Faransa. Ka ɗora GNOME ko Plasma da duk walwalinsu fanka ta fara kuka. Xfce ko MATE su ne maganin talaka.

Sadiq: Plasma ta yanzu ba ta da nauyi, kusan ɗaya suke da Xfce.

Ɗan Maraɗi: Wa ya auna?

Sadiq: Kowa ya sani. In da nauyi gare ta da Valve ba ta sa ta a na'urar wasanta ta hannu, Steam Deck, ba.

Ɗan Maraɗi: Steam Deck giga 16 gare ta.

Kabiru: Akwai mai laftof na sayarwa, Core i5?

Ummi: Ni dai abin da na lura, in babu matsala me ya sa Linux Mint 22 ta koma tsofaffin nau'in wasu manhajojin GNOME don su ci gaba da bin jigo? Me ya sa System76 ta bar gyaran GNOME ta shiga gina nata tsarin, COSMIC, daga tushe? MATE da Cinnamon ma ai daga rigimar GNOME 3 suka fito.

Baban Hafsa: Yauwa 'yata. Kin ga sun iya ɗaukar kod ɗin sun yi nasu, babu wanda ya kai su kotu. Wannan shi ne 'yancin, kuma yana nan ba a ƙwace ba.

Ummi: Baba ni ba haka nake nufi ba.

Auwalu: Na gwada gtk.css ɗin da Malam ya ce. Files ta canza kala, amma manhajojin da na sauke ta Flatpak, wata hanyar girka manhaja, ba su canza ba. Me zan yi?

Sadiq: Ka sauke Kubuntu mai zuwa da Plasma ka huta.

Malam Habibu: Ka ga? Ya canza kala. Ina ƙwacen?

Shugaban zaure, Injiniya Nura: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Ga abin da aka tattauna ga waɗanda ba su bi ba. Auwalu ya kawo koke mai tushe cewa GNOME ta takura masu son gyara fuskar kwamfutarsu, kuma yawancin waɗanda suka yi magana sun gaskata shi. Sadiq ya kawo hujjoji masu ƙarfi daga tarihi, har da matsayin Torvalds. Labarin Malama Ummi ya tabbatar da cewa kwalliyar kwamfuta buƙata ce, kuma tsari irin na Plasma da ke ba mutum iko a kan komai shi ya fi dacewa da mutanenmu. Malam Habibu ya kare ɓangarensa, sai dai kalmar wasan yara ba ta dace da dattijo irinsa ba, muna fatan zai janye ta. Batun jigon da ya goge fayiloli abu ne da ya faru sau ɗaya, bai kamata a riƙa tsorata sababbin shiga da shi ba. Maganar GNU da ta RAM ba su cikin batun, na tsallake su. Kabiru, talla da cigiya ranar Asabar ake yi. Ranar Lahadi bayan la'asar in sha Allahu zan nuna yadda ake girka Plasma 6 a gyara ta daga farko, duk mai son shiga ya tanadi filashi mai giga 8, ya kuma kwashe fayilolinsa ya adana a wani wuri kafin lokacin.