Karena ya zame min jela, ko banɗaki sai ya biyo ni

Mai_Dogo:
Salam jama'a, don Allah masu kiwon manyan karnuka ku ba ni shawara. Ina da Great Dane, shekararsa 2, ya kai kilo 60 amma shi a ransa har yau ɗan kwikwiyo ne. In na tsaya sai ya zo ya jingina da ni da duk nauyinsa har sai na dafa bango, in na zauna kuma ya juyo da baya ya ɗora min ɗuwawu a cinya ƙafafunsa na gaba suna ƙasa, wai shi ma zama ya yi. Ko banɗaki na shiga ina jin hucinsa ta ƙasan ƙofa. Ina sonsa wallahi amma cinyata ta gaji. Lafiya ce wannan ko akwai matsala?

UmmuZaki:
Hhhh ɗan'uwa barka da shigowa ƙungiya, nawa Doberman ne kuma haka yake min. Jinginar nan halin Great Dane ne sosai, abin dariyar ma a Jamus aka samar da irinsu don farautar aladun daji, yau ga su suna rigimar cinya. Tambayar da zan maka ɗaya ce, me yake yi in ka fita? Ka jingine waya ta ɗauki bidiyo ka fita na minti 30. In ya ɗan zaga ya kwanta to son jiki ne kawai. Amma in ka ga yana haushi ba tsayawa yana karce ƙofa, miyau na zuba, ko ya yi fitsari a ɗaki alhali ya saba yi a waje, wannan tsoron kaɗaici ne, kuma duka ko tsawa ƙara shi suke yi.

Baba_Tsoho:
Yaro gaskiya ɗaya ce, kai ka koya masa. Lokacin da yake kilo 10 yana hawa cinyarka kana dariya kana shafa shi, shi ina ya san ya girma? Ka samo masa katifa mai kauri, da ma manyan karnuka gwiwar hannunsu na yin kanta in suna kwana a siminti, ka ajiye ta kusa da kujerarka, duk sanda ya kwanta a kai ka ba shi ɗan abin daɗi ka yabe shi. In ya hau ka kar ka ture shi da hannu, wasa yake ɗauka, miƙewa kawai za ka yi ka bar wurin ba magana. Kullum kana ɗan matsar da katifar nesa. Kuma kowa a gidan ya bi doka ɗaya, in mutum ɗaya na barinsa aikin banza kake.

Mai_Dogo:
Baba ka kama ni, ni na ɓata shi 😅 Jiya na gwada bidiyon Anti Ummu, ina fita ya haye gurbin da na tashi ya yi ta munshari har na dawo.

UmmuZaki:
To lafiyarsa ƙalau. Sai dai ka kula in akwai yara ko tsofaffi, jingina ɗaya zai iya kayar da mutum. Ni zafinsu ne ma ke damuna, jikin kare na kai digiri 38 zuwa 39, in ya manne maka da dare kamar ka rungumi murhu. Kuma in wata rana ka ga naci ya ƙaru farat ɗaya yana ƙin abinci ko yana haki, kai shi wurin likitan dabbobi, wani lokacin ciwo ne yake sa su haka.